Jan Biron Malam Lawal

Malam Lawal ya goge tabarau da bakin riga, ya zare jan biro daga aljihu, ya miƙa wa Samira hannu ta ba shi takardun yau. Haka yake yi kowace safiya a ɗan ofishinsu na Hunkuyi.

Shekara talatin ya yi yana malamin gona. Daga Taba zuwa Likoro babu kunyar da ba ta san sawunsa ba. Bayan ya yi ritaya ne Samira, 'yar amininsa da ta karanci kwamfuta a Zariya, ta roƙe shi ya riƙa duba mata aiki. Manhaja take ginawa mai nazarin bayanan gonaki ta fitar da ƙa'ida: idan kaza da kaza suka haɗu, ƙuduji, wato ciyawar wuta-wuta, zai ci dawa.

Da harshen kwamfuta na Prolog ta fara rubuta ta, domin ƙa'idojinsa kusan jimloli ne, tana juya su Hausa layi-layi dattijon ya karanta. Ranar da manhajar ta ce gonar mai babur ba ta yin ƙuduji, sai da ya yi dariya har da hawaye kafin ya soke ƙa'idar da jan biro.

"Babur ba ya noma, 'yata. Taki yake kaiwa, takin ne ke hana ƙuduji."

Amma Prolog ya yi mata nauyi, aiki ɗaya daga azahar har la'asar. Ta sake rubuta komai da wani harshen, C++. Gudu ya samu, sai dai ƙa'idojin suka koma lambobi tsagwaronsu. Sashen da zai mayar da su magana ta ce sai gobe, goben ta yi mako uku. Ta kasa faɗa masa. Kullum tsofaffin ƙa'idoji take bugawa ta ba shi, sababbin kuwa suna isa wayoyin manoma ba wanda ya duba.

Yau ta ɗebo daga na farko-farko ba ta lura ba, yatsansa ya tsaya a layi na huɗu.

"Ga mai babur ya dawo. Ba na kore shi tun kafin damina ba?"

Ta sunkuyar da kai.

"Baba, na canza harshen. Sabon ba ya karantuwa. Tsofaffin nake ba ka."

"To wa ke duba abin da ake gaya wa mutanen Likoro?"

"Babu kowa."

Da faɗa ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ya rufe biron a hankali, ya ɗora shi kan madannan kwamfutarta.

"Ranar da manhajar ta sake iya magana, ki aiko min da shi."

Ya sa takalmansa, ya ɗaga labule ya fita.