Sallahun da Na Kai wa Habu

Bana shekara tara ke nan da muka binne ƙanena Habu a wajen birnin Lyon. Da ban yi niyyar rubuta komai ba. Amma makon jiya ina zaune a shagona na atamfa a unguwar Château Rouge ta Paris, rediyo ta ce ƙasar Sin na ƙera wani jirgin yaƙi mai jefa bama-bamai wanda na'urar hango jirage ba ta iya ganinsa, kuma har yau ba wanda ya ga ko hotonsa. Sai na ji almakashi ya yi mini nauyi a hannu.

Habu shi ne mai ƙwaƙwalwar gidanmu. Ni na gudu daga lakkol, wato makarantar boko, tun a Damagaram, shi ya zarce har ya zama mai bincike a wani ɗakin gwaje-gwaje a Lyon. Aikinsa haɗa wani irin fenti mai shanye siginar na'urar nan. Nakan tsokane shi in ce duk karatun nan a mai fenti ya ƙare. Yakan yi dariya ya ce, "Yaya, fentin ma da ba a gani."

A lokacin ina zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin sarin kaya. Wata tafiya Habu ya hau jirgin ƙasa takanas ya same ni a Paris da wani ƙunshi a naɗe, ya ce in miƙa wa abokin karatunsa, ɗan Sin da ya koma gida. Ban tambayi mene ne ba. A wurinmu wa ke buɗe sallahu? Na sha ɗaukar kilishi da magani da wasiƙun mutanen da ko sunansu ban riƙe ba. Na cusa shi cikin jaka, na kai, aka ba ni shayi.

Bayan wata biyar wasu jami'an tsaro biyu suka zo shago, da ladabinsu, suka tambaya ko na taɓa kai wa ƙanena saƙo Sin. Wallahi da alfahari na amsa. Har ranar na faɗa musu, da otal ɗin da muka haɗu da abokin nasa. A zatona shaidar zumunci nake bayarwa.

Ba a kai Habu kotu ba. An dai karɓe katinsa na shiga wurin aiki, kuma duk inda ya nema aka rufe ƙofa. Ya ƙare yana ɗora kwalaye a wani sito a Vénissieux kusa da Lyon, yana hawa bene na goma sha ɗaya zuwa gidansa da ciwon baya. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, ni kuma kunya ta hana ni tayar da maganar. Shekara uku muna gaisuwa mai tsawo a waya, iyali lafiya, aiki da godiya, mu kashe.

Da yana raye yau, me zai ce game da jirgin nan? Zai yi dariya ya ce ƙunshi ɗaya ba ya ƙera jirgi? Ko zai yi shiru? Shirun nake tsoro. Mai yiwuwa tsofaffin takardun makaranta ne kawai a cikin ƙunshin. Mai yiwuwa kuma wata rana abin ya tashi sama, ya sauka kan mutanen da ba su san Habu ba, da ɗan rabon hannuna a ciki.

Da ciwon hanta ya kwantar da shi asibiti, na daure na ce, "Habu, don Allah mi ke cikin ƙunshin nan?"

Ya dube ni ya ce, "Yaya, da ka tambaye ni ran nan, da ban ba ka ba."

Bayan kwana biyu ya cika.

Abin da ya rage na Habu ba shi da yawa: matarsa, ɗiyarsa da ke karatun likita, da kirkinsa da ƴan Nijar na Lyon ke ambata har yau. Ni kuwa abin da ya bar mini, kowace Juma'a idan na ɗaga hannu zan roƙa masa gafara, sai in rasa ko ni na cuce shi ko shi ya cuce ni. Allah Ya jiƙan Habu. Na yafe masa tun yana kwance, amma ban samu bakin tambayarsa ko ya yafe mini ba.