Ɗoɗɗoyar Gindin Randa

Ranar Laraba ce, a bazarar da ta biyo shekarar fara. Na dawo daga barkar haihuwa a Illela na tarar tsakar gidana a Tsarnawa ta zama dutse. Autana Sule, mai tuƙa motar siminti a Malbaza, ya kawo magina sun shafe ko'ina da siminti. Ɗoɗɗoyar gindin randa kuwa sun tuge ta sun jefa wa awaki. "Inna, ai haki ne, sauro yake tarawa," in ji shi. Haki! Sauron da ke gudun ƙamshinta!

Ɗoɗɗoyar nan ta girme shi, ta girme ni. A Bazaga na tashi, hannun kakata Iya Gambo, kuma tun ban isa riƙe taɓarya ba aikina ne in juye ragowar ruwan randa a gindinta kowace safiya. In na dawo daga kai fura gona, in tsinko ganyen a jefa a miya. Mura ta kama mu, Iya ta murza shi a tafin hannu ta kanga mana a hanci, mu yi ta atishawa muna dariya. Ciki ya murɗa, a tafasa shi da 'yar kanwa. Da damina a barbaɗa busasshen a garwashi, hayaƙi na korar sauro muna carafke a tabarma. Takan ce, "Gidan da ba ɗoɗɗoya, miya lami, yara kwance." Ranar da za a kai ni ɗaki ta ƙulla mini irin ɗoɗɗoyar a haɓar zane, yadda uwarta ta yi mata. To in ya ƙare a hannuna, me zan ƙulla wa jikata Rabi?

Taɓarya na ɗauko. Na yi ta zabga wa simintin gindin randa, Sule na "Inna, don Allah ki bari," na ce, "Kauce, ɗan nema! Da ɗoɗɗoyar nan na tsayar maka da zawon haƙori." Sai da ya tsage na ga ƙasa. Na san ɗoɗɗoya ba ta mutuwa ba ta zubar da iri ba. Na yi ta ba tsagar ruwa, har ruwan shuka ya sauka, ɗan tsiro ya leƙo.

A da yarinya da hanci take gane maganin gidansu. Yau mura ma sai an hau kabu-kabu zuwa likita. Rabi ke ba ɗoɗɗoyar ruwa yanzu, tsagar kuma na hana a toshe. Ƙasa ba ta mantuwa, ɗan Adam ke yi.