Malam Nathaniel da Burduddugin Unguwar Gano

A Gyaɗi-Gyaɗi aka haifi Malam Nathaniel, ko da yake aikin gwamnati ne ya kawo mahaifinsa daga Kagoro. Malamin kimiyya ne a wata firamare a Tarauni, dogo siriri, kullum bisa keke. A bayan idonsa kuwa Malam Kwaɗo ake ce masa.

Wani kududdufi da ke bayan Unguwar Gano ne ya jawo masa sunan. Tun yana yaro ya san burduddugin wurin, ƙaton kwaɗon nan mai koren baya da rawayan maƙogwaro. Duk rani yana kwance cikin ƙasa, ya lulluɓe da tsohuwar fatarsa, ba ci ba sha, sai an yi ruwa mai ƙarfi ya fito. Namijin ne ya fi burge Malam. In macen ta zuba ƙwai ta tafi, shi ke gadin talibambam, in ruwa ya fara ƙafewa ya haƙa musu hanya da ƙafafun baya zuwa inda ya fi zurfi. Malam ya taɓa ganin wani namijin ya tasam ma akuyar da ta zo shan ruwa. Duk damina sai ya kai ɗalibansa su gani da idonsu.

A gabansa abin ya lalace. Da farko masu buhu suka riƙa zuwa suna kwashe manyan, su busar su kai Kudu. Sai kwatamin gidaje ya karkato ciki, shara ta biyo, ga baƙin man bakanikai. Ƙwan da ake zubawa ya riƙa ruɓewa kafin ya ƙyanƙyashe. Wata shekara namiji ɗaya tal ya gani yana gadi.

Da ya ji za a cike kududdufin a yi shaguna, ya je wurin mai unguwa, Alhaji Lawan, wanda suka yi firamare tare. Ya roƙa a bar ko da kusurwa ɗaya. Alhaji bai yi masa dariya ba, ya saurare shi har ya gama.

“Malam, bara ruwan nan ya ci yaro, ni na je gaya wa uwar. Ga sauro. Da wane baki zan ce wa jama’a a bari saboda kwaɗo?”

Sai Malam ya ce to a jira damina, kwaɗin su fito ya kwashe su. Alhaji ya ce zai gwada, amma masu ginin suka ce tifa ba ta shiga taɓo.

A tsakiyar rani aka cike wurin. Malam ya tsaya riƙe da kekensa yana kallon tifofi suna juye ɓaraguzai, ya san abin da ke barci a ƙarƙashi. Kafin watan shuka an zuba kankare.

Ran da aka yi ruwan farko, ya je da la’asar ya tsaya a bakin shagunan. Ruwan da ya rasa wurin zuwa ya cika layi har gwiwa. Ya kasa kunne har magariba, ba abin da ya ji sai ƙarar janareto.

Bai haƙura nan da nan ba. Ya zagaya Daurawa da Babban Giji yana leƙa ramuka, bai samu ba. Matarsa Rebecca ta ce in ya yi ritaya su koma gida, can ai rafi bai ƙare ba. Ya buga wa ƙanensa waya a Kagoro, ƙanen ya ce tun da aka fara feshin maganin ciyawa, su ma fadamarsu ta yi tsit.

Bara ya yi ritaya, ba su koma ba. Malamar da ta gaje shi ta roƙe shi ya zo ya ba yara labarin burduddugi. Ya ce gwiwarsa na ciwo.