Faransanci a Bakin Murhu

Malama Cokali ba ta taɓa zama a bencin makaranta don koyon Faransanci ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa. A kicin ɗin otal ta tsince shi, inda ta yi shekara goma sha tara ƙarƙashin wani babban kuku mai gajen haƙuri, wanda a Hausa ko "zo in kashe ka" ba ya ji. Ranar da ta fara aiki, tana ɗanyar yarinya a wajen wanke-wanke, mutumin ya juyo da kasko daga kan wuta yana daka tsawa, "Attention, c'est chaud!" Ita kuwa baiwar Allah ta miƙa hannu za ta taimaka. Kaskon ya lashe ta a tsintsiyar hannu. Da yamma ne wata abokiyar aiki ta gaya mata abin da ya ce, wai a yi hankali, da zafi. Tabon yana nan har yau, dogo, ya fi sauran fatar haske.

Daga wanke-wanke ta koma yankan albasa, daga nan ta hau kan murhu, har ta kai in kuku ya yi tsawa tana mayar masa da harshensa, wani lokacin ma ta fi shi. Da otal ɗin ya canza hannu, gwiwoyinta kuma suka fara ƙorafi, sai ta dawo gida da wuƙaƙe biyu da harshe guda wanda ba ta da mai yi da shi. Mijinta, tsohon direban motar haya, duk Faransancinsa bai wuce "merci", wato na gode, ba, shi ma sai ya ƙoshi yake tunawa da shi.

'Yarsu ce, wadda take aikin jinya, ta samo mata wata cibiyar koyar da harsuna ta waya. Cibiyar tana da malamai masu digiri, amma babu mai son ajin 'yan shekara huɗu zuwa shida, don waɗannan ba su san darajar digiri ba. Aka miƙa wa Malama su bakwai, kowanne a garinsu, ba ta taɓa shafa kan ko ɗaya ba.

Kowace Asabar da hantsi takan kafa wayarta cikin gwangwanin madara a kan teburin kicin kusa da murhu, ta cusa tsumma don kada ta zame. Fuskoki bakwai su bayyana a 'yan tagogi a allon wayar. Sai ta buga cokali a gindin tukunya sau uku, aji ya fara, kuma daga nan sunan ya samo asali. Dokarta ɗaya ce: kowa ya zo da abin ci, burodi ne, ayaba ce, dafaffen ƙwai ne, lemo ne, amma ba mai kai loma baki sai ya faɗi sunan abin, ya kuma roƙa da ladabi. Yaron da yunwa ke ci ba ya manta "du pain", wato burodi. Ita kuma tana soya ƙwanta a gabansu, tana ba kasko labari, tana yi wa gishiri faɗa. In ta ɗago kaskon ta nuna musu, bakinta kan faɗi tsawar kukun nan da kansa, ba don darasi ba, don sabo kawai.

Yaƙinta na farko da iyaye mata ta yi shi. Da yaro ya buɗe baki sai a ji murya daga gefe, "Kai, ana cin abinci ana surutu?" Malama ta sha fama kafin su yarda cewa awa ɗaya a mako, surutu a kan faranti ba rashin tarbiyya ba ne. Suka saki, yara suka ɓalle. Banda Auta.

Auta 'yar wata tela ce, shekararta biyar. Wata huɗu tana zuwa aji, ba ta taɓa furta ko kalma ba. Takan zauna da ayabarta, idanu ƙur a kan Malama, leɓe yana motsi ba sauti, a bayanta keken ɗinkin uwarta yana ta kuka. Ita kaɗai Malama ta ɗage wa doka, takan ce mata ta ci abinta. Uwar kuwa abin yana damunta.

"Malama, anya yarinyar nan tana ɗaukar wani abu? Ko in cire ta?"

"Maman Auta, bar min ita. Ruwan da ke kan wuta ma yakan daɗe shiru kafin ya tafasa, na tsaya a kansa shekara goma sha tara."

Ana nan sai cibiya ta ɗauki sabon jami'i mai kula da malamai, saurayi ɗan gayu, mai taye ko a ranar Asabar. Sati biyu da zuwansa ya aiko da dokoki: malami ya zauna gaban farin bango, a koyar da hotunan da cibiya ta tanada, kuma babu abinci a aji. Malama ta karanta, ta ajiye wayar, ta ci gaba da ɓare tafarnuwa. Da ya ga shiru, ya kira ta.

"Mama, kin ga saƙona?"

"Na gani, ɗana. Rubutunka da kyau."

"Na duba fayil ɗinki, ban ga takardar shaida ba."

"Ba za ka gani ba. Babu ko ta ƙulla gishiri."

Ya yi gyaran murya. Ya ce ba raini ba ne, tsari ne. Ranar Asabar zai shigo ajin da kansa ya gwada yaran. In bai gamsu ba, za a karɓe ajin a sa musu darasin da aka naɗa a faifai, mai hotuna da waƙa.

"Hoton burodi za ka ba yaro?" in ji Malama. "To in ya faɗa daidai, me zai ci, wayar?"

"Mama, haka ake yi a ko'ina."

"Ka zo Asabar ɗin. Ni dai ba zan kashe murhuna ba."

Mijinta yana zaune a ƙofar kicin yana gyaran rediyon da ya shekara uku yana gyarawa, ya ji komai.

"Malama, da kin lallaɓa shi. Awa ɗaya ce fa. Ki zauna a falo, ki nuna musu hoton, ya tafi, ki koma ga kaskonki. Mu a hanya haka muke yi da masu duba takardu."

"Malam, ni ba mota ba ce da za a yi wa fenti ranar dubawa. Abin da nake yi shi zai gani."

Bakinta ne kawai ke da ƙarfi. A zuci tsoro take ji, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da ta bar otal. Yaran nan bakwai su ne suka dawo mata da harshen da ya kusa ruɓewa a bakinta, kuma ta san in aka sa faifai, Auta za ta zauna gabansa shiru har abada, faifai kuwa ba zai lura ba. Ta aika wa iyayen saƙo a taƙaice cewa babban baƙo zai shigo ranar Asabar, don Allah kowa ya zo a kan lokaci.

Nan ne aka yi kuskuren, kuma ƙauna ce ta jawo shi. Iyaye mata suka kira juna suka yi shawara, suka ce ba za su bari a kunyata Malama a gaban babba ba. Wa ya taɓa ganin an tarbi baƙo da yara masu maiƙo a baki?

Asabar ta yi, Malama ta kafa waya a gwangwani, ta kunna murhu. Tagogi suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, gabanta ya faɗi. An yi wa yaran wanka, an shafe su da mai har goshi yana ƙyalli, an sa musu kayan fita. An share tebura tas. Gaban kowanne littafi ne sabo da fensir fiƙaƙƙe, babu ko ɓawon ayaba. Suna zaune a miƙe kamar masu jiran allura. A taga ta takwas ga jami'i da tayensa, bayansa bango fari fes, gefensa fulas da kofi.

Ya gaishe su da kyau, ba laifi. Ya ɗora hoton burodi a allon waya, ya tambaya da Faransancinsa na jami'a mene ne wannan. Shiru. Ya sa hoton ƙwai. Shiru. Wani yaro da ya fi kowa surutu, wanda sati ɗaya da ya wuce ya yi wa ƙanensa faɗa da Faransanci a kan lemo, ya sa fensir a hanci yana kallon silin. Daga gefe ana jin iyaye suna raɗa, "Yi magana mana, ka sani fa." Raɗar ta ƙara ɗaure bakin yaran. Jami'i ya sunkuya ya yi rubutu, ya sa hoto na uku, ya sake rubutu.

Malama tana tsaye, mai yana ƙauri a kasko. Ta ga ajinta yana zamewa daga hannunta a gaban idonta, kuma ranta ya ɓaci, ba da yaran ba, ba ma da iyayen ba. Ta san inda Faransancin yaran yake. Yana hannunsu, yana kan harshensu tare da ɗanɗano, an kwashe shi da faranti an kai kicin. Ta ɗauki cokali ta buga gindin tukunya sau uku, har wayar ta girgiza a gwangwani.

"Kowa ya ajiye fensir. A ruga kicin, a ɗauko abin da hannu ya samu. Iyaye, ku yi haƙuri, ku buɗe musu hanya."

"Mama," in ji jami'i, "doka ta hana abinci a aji."

"Ka gwada naka minti goma, ɗana, na yi shiru. Yanzu ajina ne. In za ka karɓe shi, ka karɓe shi da ransa."

Tagogi suka zama kujeru babu kowa. Ana jin gudu, ana jin murfin tukunya ya faɗi a wani gari. Suka dawo, wannan da guntun burodi, wancan da tumatir, ɗaya da ɗanyen ƙwai uwarsa tana biye da shi tana salati. Malama ta fasa nata ƙwan a kasko, ta tambayi mai surutun nan abin da ke hannunsa. Ya ɗaga burodin sama ya ce, "Du pain, s'il vous plaît," wato burodi, don Allah, ya gatsa tun kafin a ba shi izini. Shi ke nan, bakin kowa ya buɗe. Ana faɗin suna, ana faɗin launi, ana ƙirga ɓarin lemo, wata tana ƙorafin nata ba daɗi, duk da harshen da minti biyar da suka wuce aka rantse ba su sani ba.

Jami'i bai yi murmushi ba. Ya ce wannan hayaniya ce, shi kuma tsari ya zo dubawa. Ya ci gaba da rubutu, ya jawo fulas ya tsiyaya shayi, tururi ya tashi har ya dusashe fuskarsa a allo. Ya ɗaga kofin zai kai baki, idonsa yana kan takarda.

"Monsieur. Attention, c'est chaud."

Siririyar murya ce, ba wanda ya san ta. Malama ta bi tagogin da ido ɗaya bayan ɗaya. Auta ce, ayaba a hannu, ta matso har hancinta ya kusa taɓa wayar, ta tsare jami'i da ido cikin damuwa ta gaske. Keken ɗinkin da ke bayanta ya tsaya cak.

Kofin ya tsaya a iska. Jami'i ya dubi yarinyar, ya dubi takardarsa inda aka rubuta masa tun farko cewa wannan ba ta magana. A hankali ya ce, "Merci." Ya hura shayin zai kurɓa, sai mai surutu ya yi tsalle da Hausa, "Malama, bai faɗi sunansa ba, kuma bai roƙa ba." Sauran suka ɗauka, kowa yana nuna shi da yatsa. Babban jami'i mai taye ya rasa yadda zai yi, ya ce, "Du thé, s'il vous plaît." Malama ta bar shi ya ɗan jira, kamar yadda take yi wa kowa, kafin ta ce ya sha.

Da aka tashi aji ya tsaya, su biyu kawai a allo. Ya ce ajin zai zauna a hannunta, zancen abinci kuma zai san yadda zai rubuta shi. Amma farin bango dole ne, don wannan ba daga shi ba ne.

"Za ka samu farin bango," in ji Malama.

Washegari mijinta ya hau kan kujera da bokitin fenti, yana shafe bangon da ke bayan murhu, yana mita cewa shi direba ne, ba mai fenti ba, kuma wa ya ce ba a yin fenti don masu dubawa. Malama tana riƙe masa kujerar. Daɗi take ji mai nauyi, irin wanda ke kawo ƙwalla, kuma ba ta ɓoye ba. Ya leƙo ƙasa ya gan ta tana shafa tabon hannunta da babban yatsa.

"Yana miki ciwo ne?"

"A'a," in ji ta. "Maganar nan da yarinyar ta faɗa, Malam, ni sai da fatata ta ƙone na koye ta. Ita kuwa ko yatsa ba ta ƙona ba."