Kaka, Ɗalibata ta Farko

Shekarar da muka baro ƙauyenmu na kusa da Damboa ina da shekara goma sha biyu, kuma shekara biyu ke nan rabona da aji, tun da aka ƙone makarantarmu. Muka sauka a unguwar Nasarawo, a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, ni da Inna da kakata ta wajen uba, Kaka Falmata. Baba ya tsaya Maiduguri neman abin yi. Aka sa ni aji shida saboda tsayina. Hedimasta ya faɗa wa Inna gaskiya: in ban ci jarrabawar shiga sakandare ba, aji huɗu za a mayar da ni, cikin yaran da ko kafaɗata ba su kai ba.

Akwai Rifkatu, 'yar maƙwabtanmu 'yan Tangale, ajinmu ɗaya. Ita sai ta duba shafi sau ɗaya shiru, ta rufe littafi, ta kawo maka shi tsaf. Na ce nima haka zan yi. Na riƙa ƙura wa shafi ido har rubutun ya yi mini dishi-dishi, washegari in tashi kaina fayau. Gwajin farko na zo ta biyun ƙarshe.

Lokacin ana yawan tashin bam a tashoshin mota, don haka da magariba kowa yana gida, wutar lantarki kuma sai ta ga dama. Da an sauke tuwo, yaran gidan sukan kewaye murhun Kaka, tana ɓare gyaɗa tana ba mu tatsuniya. Da Hausa take yi saboda yaran maƙwabta, amma in labari ya yi daɗi sai ta zame cikin Barbarci ba ta sani ba. Ran nan na faki ido na cusa takardar gwajin cikin garwashi. Kaka ta ga lokacin da ta kama da wuta. Sai ta gyara zama.

"Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri."

"Mun ba ta, Kaka."

Ta ce an yi wani fari, rafuka suka ƙafe. Tsohon kunkuru kaɗai ya san hanyar wani tafki da ba ya ƙafewa, shi kuwa tsufa ya hana shi tafiya. Ya tara dabbobi ya kwatanta musu: a bi ta kuka mai rami, a ratsa fako, a kewaye dutse, haka har alama bakwai. Zomo ya ji sau ɗaya ya maimaita duka. Bushiya kuwa kafin a kai ta uku ta manta ta farko, aka yi ta yi mata dariya.

Bushiya ta koma gida ta faɗa wa uwarta makauniya ɗan abin da ta riƙe. Uwar ta ce, "Kukar nan, a dama za ki bar ta ko a hagu?" Bushiya ba ta sani ba, ta koma wurin kunkuru. Ta dawo, uwar ta ce, "In kin je kukar ba ta nan fa?" Ta sake komawa. Kullum tana kan hanya, har kunkuru in ya hango ta sai ya shige ƙoƙonsa, ita kuwa ta zauna ta jira shi. Ranar tafiya suka tarar giwa ta ture kukar, gara ta cinye ta. Zomo ya tsaya yana ta jero alamu bakwai, bai san inda zai sa ƙafa ba. Bushiya ta ce, "An ce in ba kuka, a nemi jan suri." Ta wuce gaba, suka bi ta har ruwa.

"Zomo bai yi laifi ba," in ji Kaka. "Kowa da ƙofar da abu ke shiga kansa. Nan ta tsaya, ƙafarta ta gaji."

Da yara suka watse ta riƙe ni. "Yagana, me aka koya muku yau?"

"Yadda ruwa ke hawa sama ya dawo."

"To, koya mini. Ni ba a kai ni boko ba."

Na fara kawo mata Turancin da na haddace guntu-guntu. Ta ce in faɗa da bakin da take ji. Na ce ruwa yana zama tururi ya tashi.

"Ai tururi sai an hura wuta. Wa ke hura wa kogi wuta?"

Na duba littafina, babu amsar a ciki.

"Gobe ki tambayo malamarku. Ina jira."

Tun zuwana ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, don yara na kwaikwayon maganata. Amma na fi jin nauyin komawa wurin Kaka hannu rabbana. Na ɗaga, na yi tambayar. Aka yi dariyar, malama ta tsawatar, ta ce rana ce wutar. Da yamma na kawo amsa, Kaka ta ce to, ai da damina rana ba ta da ƙarfi, ya aka yi ruwa ya fi yawa? Na sake komawa.

Wata biyar muka yi a haka. Na daina karatu shiru. Sai in karanta da murya, in rufe littafi, in juya shi da Hausa. Duk inda bakina ya sarƙe, na san nan ne ban gane ba. Lissafin kashi-kashi da gyaɗarta muka yi shi. Wata rana gajiya ta sa na ce ba zan iya ba, ta ce ita ɗalibar ba ta gaji ba, malama ba ta da izinin tashi. Har Rifkatu ta dawo zama da mu, tun ranar da Kaka ta yi mata tambayar da ba ta cikin littafi.

Da sakamako ya fito, Rifkatu ce ta ɗaya. Ni ce ta tara, kuma na wuce.

Kaka ta rasu ina ajin ƙarshe na sakandare. Yanzu ina koyarwa a wata firamare a unguwar Madaki. In na ga yaro ya ƙura wa allo ido abin ya ƙi shiga, ba na saurin kiransa daƙiƙi. Wani sai ya zana, wani sai ya taɓa da hannu, wani sai na ce ya koya wa na kusa da shi. Ba na barinsa sai mun gano ƙofarsa.

Bara na tambayi Gwaggo, babbar 'yar Kaka, ko ta tuna tatsuniyar bushiya, don ina so in rubuta ta daidai. Ta sa na ba ta daga farko har ƙarshe, sannan ta girgiza kai.

"Shekara arba'in ina jin tatsuniyoyin uwata," ta ce, "ban taɓa jin wannan ba. Don ke ta ƙirƙire ta."