Mutumin da ya ƙi a yanke mana sallama

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta da safen nan aka bugo min waya: Malam Bukar ya rasu. Zazzaɓin kwana uku, a gidansa na Bacirawa.

Na zauna a bakin gado ina hawaye, sai kuma na ji ina dariya, don abin da ya fara faɗo min shi ne ranar da na je ofishinsu takanas don in ci masa mutunci.

Ni ce sakatariyar matan noman rani a ƙauyenmu, nan wajen Watari. Shekarar da fetur ya gagari talaka, injin ban-ruwa ya koma kayan ado, albasarmu ta dogara kacokan da ruwan magudana. Sai magudanar ta fashe a saman gonakinmu.

Ƙungiyar da ke tallafa mana tana da shafi a waya, mai ɗan akwati da ake rubuta koke a tura. Na rubuta nawa. Na rubuta wa Inna Talatu, tsohuwar da filinta ke can ƙarshen ruwa. Duk wadda ta zo na rubuta mata. Sati biyu shiru, ganyen albasa ya fara kwanciya.

Ranar kasuwa na hau bas zuwa ofishin ƙungiyar a Tsanyawa, ina tsara faɗa tun daga tasha.

Na tarar da wani dogo mai furfura a gemu yana shan kunu gaban kwamfuta, ashe shi ne Malam Bukar. Na ce, "Kai ne mai akwatin kuramen nan?"

Ya ce, "Malama, ko sallama babu?"

Na ce, "Na turo ta sati biyu da suka wuce, ba ka amsa ba."

Ya tambayi sunana, ya duba. Sannan ya juyo min da fuskar kwamfutar. Sunayenmu ne a jere, gaban kowane an rubuta Assalamu alaikum. Shi ke nan. Ba magudana, ba albasa.

Ashe ma'ajiyar da suke zuba saƙonni layi ɗaya take ɗauka. Da ka danna ka sauka sabon layi, sai ta ɗauka ka gama magana, ta zubar da sauran. Mu kuwa wa zai fara koke ba sallama? Sallama a layin farko, gaisuwar iyali a na biyu, sannan a shiga magana. Su kuma a ofis sun zaci matan ƙauye ne ke gwada sabuwar waya.

Wani jami'i mai hular sanyi a tsakiyar zafi ya ce, "Ai da sauƙi. A gaya musu su bar gaishe-gaishen nan, su rubuta a layi ɗaya."

Na ce, "Fara gwadawa a gidan surukanka, ka dawo ka ba mu labari."

Malam Bukar ya kusa ƙwarewa da kunu. Da ya nutsu ya ce, "Ba za a koya wa tsohuwa rashin ladabi don na'ura ta huta ba. Na'urar za a gyara."

Bai ɓoye min ba, ya ce saƙonnin baya sun tafi, kuma laifinsu ne. Ya sa aka ba ni kujera, yana aiki yana min bayani kamar ɗalibarsa. Duk inda mutum ya sauka layi, sai a musanya wurin da wata 'yar alama kafin a adana, in za a karanta a mayar da shi yadda yake. Ya ce, "Kamar zane ne, ki ninke ki sa a akwati, in kin tashi ɗaurawa ki warware. Kuma abin da mutum ya rubuta amana ce, a ajiye shi yadda ya zo, kada na'ura ta ɗauke shi umarni ta je ta yi ɓarna."

Kafin la'asar ya ce in sake rubutawa. Na zuba layi ya fi arba'in. Ya karanta a fili, har wurin da na ce ofishin nan ya fi maƙabarta shiru. Ya buga a takarda, ya hau babur ya kai wa masu gyaran magudana da kansa.

An toshe ɓarakar magudanar a satin. Rabin albasar Inna Talatu ta riga ta mutu, sauran namu suka tashi.

Abin da ban sani ba sai daga baya, ya bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya yana kira. Kowacce ya fara da "Wa alaikumus salam," sannan ya ce, "Inna, me kike son faɗa ranar nan?" Inna Talatu ta riƙe shi a waya har katinsa ya ƙare.

Haɗuwarmu ta ƙarshe watan jiya ce, a layin 'yan tumatir. Ya ce min har yanzu da saƙona yake gwaji. Duk gyaran da ya yi sai ya tura shi ya ga ko zai fito cif.

"In na'ura ta ɗauki faɗanki, Malama, ba abin da zai gagare ta."

Na ce zan rubuto wanda ya fi shi. Ya ce yana jira.

Ɗazu na buɗe akwatin. Na yi sallama, na sauka layi, na rubuta duk abin da ban taɓa gaya masa ba don girman kai. Ya shiga duka, ko harafi bai faɗi ba.

Mai amsawa ne babu.

Ya Allah, bawanka Bukar bai bar sallamar kowa a ƙasa ba. Ka sa mala'iku su tare shi da tasu, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka rufa wa iyalinsa asiri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a a nan ƙasa. Ku fara da sallama, ku sauka layi, kada ku taƙaita.