Ranar da Inna ta yi wa ɗan Indiya faɗa

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take ce mini. In tana so in ci abinci ƙanwata take gaya wa, ko da ina zaune a gabanta. 'Yar Gwandu ce, aure ya kawo ta Kalgo, kuma kunyar ɗan fari a jininsu take. Ina yaro abin yana ƙona mini rai, har na taɓa tambayar maƙwabciyarmu ko tsinto ni aka yi.

Amma matar nan da ba ta iya ce mini uffan, a sa fim ɗin Indiya ka ji baki. Baba ya sayo bidiyo don kaset ɗin wa'azi, Inna ta gaje shi. In an kawo wuta bayan la'asar sai ta baje tabarma, ta jawo faifan gyaɗa tana ɓara. Ko kalma ɗaya ba ta ji a yarensu, amma ta san halin kowa, tana yi musu faɗa kamar 'ya'yan maƙwabta.

Shekarar da na fara koyarwa a firamare, Kawu, yayan Inna, ya aiko daga Gwandu cewa ya ba ni ɗiyarsa. Kyauta ce ta girma, Baba har ya yi godiya. Haka danginmu suke yi. Kakata ma a zamanin Nasara aka kai ta Masama ba ta taɓa ganin angon ba, suka zauna lafiya har mutuwa. Ɗiyar Kawu ba ta da aibu. Ni dai zuciyata tana Dangoma, wurin wata da na yi wa alkawari. In na ƙi kyautar, na watsa wa Inna ƙasa a ido a gidan ubanta. Na yi gum, na rame har wando yana zame mini.

Wata Asabar na leƙa ɗakin Inna neman almakashi, na tarar suna kallo ita da ƙanwata. Kullum in na shigo takan tashi ta fita. Ran nan ba ta motsa ba, sai na rakuɓe a bakin ƙofa. A fim ɗin an tara dangi, uba yana nuna wa ɗansa matar da aka zaɓa masa, gogan ya sunkuyar da kai.

Inna ta nuna talabijin da ɓawon gyaɗa. "Dubi sakarai. Ƙato da shi, ya kasa buɗe baki."

Ƙanwata ta ce, "Inna, ai tsoron babansa yake."

"Shi ba ya da uwa? Mutuwa ta yi?"

Ni ma na kafa wa talabijin ido, na ce, "Wataƙila yarinyar ɗiyar yayan uwarsa ce. Ba ya so ya kunyata uwar."

Inna ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. "Sai ya cuci ɗiyar mutane don kunya? Ya ajiye ta ɗaki, zuciyarsa na wani gari? Yana da wata ne?"

"Yana da ita."

"'Yar mutunci?"

"'Yar mutunci ce."

Ƙanwata ta dube mu. "Ni fa ban ga wata ba a fim ɗin nan."

"Ke kalli abinki," in ji Inna.

Washegari ta yi magana da Baba, ta yafa mayafi, ta shiga motar Gwandu ita kaɗai. Kwananta biyu ta dawo, ba a ƙara tayar da zancen ba. Na auri ta Dangoma. Kawu bai zo biki ba, amma duk Sallah yana aiko mini da goro yana sa mini albarka. Inna kuwa ko gaisuwarta ya daina amsawa, har ya rasu. Na ɗauka wata tsohuwar rigimarsu ce, irin wautar da namiji kan yi.

Sai a zaman makokin Inna matar Kawu ta kira ni gefe. Ta ce ran da Inna ta je Gwandu, durƙusawa ta yi gaban yayanta, ta ce ita ce ba ta son haɗin, yaron bai san komai ba, kada ya riƙe shi a zuciya.

Nan na zube ƙasa a tsakiyar mata masu ta'aziyya, da furfurata, na yi ta kuka.